Tsiron da Na Ƙi Niƙawa

Alhaji ya sa na kori matan da ke kawo mini niƙa. Da sunan Allah ya sa na kore su, sannan ya zagaya bayan layinmu ya kafa inji ya kwashe su kaf. Abin da ya yi mini ke nan. Na fara da shi ne saboda ni ban iya kewaye-kewaye ba, karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, kuma ko waɗanda suka gama ban ga sun fahimci abin nan fiye da ni ba.

Injin niƙa gare ni a unguwar Rikoto a Zuru, cikin wata rumfar kwano a bakin hanya. Ina niƙa masara da dawa da gero, ina markaɗa wake da kayan miya. Tun ina saurayi nake wannan aiki, har kunnena na hagu ya daina ji sosai. Duk wanda ya san Zuru ya san mai inji ba ya zaɓen mutane. Matar liman za ta ajiye kwanonta, matar fasto ta ajiye nata a bayansa, matan tsofaffin sojoji su jera nasu, kowa ya jira layi ana hira ana tsiya. A cikin abin da ake kawowa akwai tsiro. Dawa ce ake jiƙawa a shimfiɗa a rufe har ta fito da 'yan saiwoyi, a shanya ta bushe, a kawo niƙa. Idan kaɗan ne, kunun zaƙi ake sa wa ya yi garɗi. Idan da yawa ne, burkutu za a dafa. Kowa ya san haka. Ni ma na sani. Amma ban taɓa tambayar kowa ba, kuma ba wanda ya taɓa ce mini in tambaya.

Sai na faɗi wace ce Inna, don in ban faɗa ba ba za a gane inda abin yake mini ciwo ba. Ubana Musulmi ne, ɗan kasuwar hatsi. Uwata 'yar ƙauyukan kan dutse ce, mutanensu ba Musulmi ba ne, ta musulunta ta aure shi. Ta rasu ina ƙarami, sai ƙanwarta ta ɗauke ni, ita ce nake kira Inna. Kirista ce har gobe. Ita ke tashina sallar asuba da buga ƙofa, tana cewa ba za ta haɗu da yayarta a lahira ta ce ta lalata mata ɗa ba. Tukunyata daban take ajiyewa. Tana dafa burkutu, tana kuma yin kunun zaƙi na sayarwa, da su ta riƙe gidan bayan mijinta ya tafi aikin soja bai dawo ba. Da na yi aure na ware, duk azumi sai ta aiko mana da kunu a babban bokiti na shan ruwa. Niƙanta kuwa a wajena take yi, kuma ba ta bin layi.

Alhaji kuma mai shagon taki ne da maganin ciyawa. Manoma daga Kanya har Sakaba wajensa suke zuwa. Ya girme ni kaɗan, ya fi ni karatu nesa ba kusa ba, boko da na addini. Wata shekara ya je wani taron bita a birni, ya dawo da magana a bakinsa: kasuwanci na halal. Ya roƙi liman aka ba shi dama, duk Asabar bayan la'asar 'yan kasuwar unguwa su zauna a masallaci ya yi mana bayani.

Ba zan yi masa ƙarya ba ko da ya cuce ni. Na ƙaru da zaman nan. Shi ya fara ce mini garin da ke maƙalewa a bakin inji bayan an gama niƙa ba nawa ba ne, na mai niƙan ne. Mu masu inji tara shi muke yi, da yamma mu kai gida a yi tuwo, ba ma ganin komai ne. Na daina. Na koma ina bubbuga inji da tafin hannu har ƙwayar ƙarshe ta faɗa kwanon mai shi. Ya ce in riƙa kashe inji idan an kira salla, na yi. Ya ce in daina sa wake a bayan barkono ban wanke ba, na daina. Mata suka lura, suka gaya wa juna, layina ya ƙara tsawo. Na ce lalle mutumin nan gaskiya yake faɗa, ga addini ga ciniki sun haɗu wuri ɗaya. Idan ya yi magana har gyaɗa kai nake yi kamar ƙadangare.

To ran nan, ana saura kwanaki a fara azumi, ya ɗauko maganar giya. Ya ce ba mai sha kaɗai ke da laifi ba, duk wanda ya sa hannu a hanyarta ya shiga ciki, mai ɗauka da mai sayarwa da mai taimakawa. Sai ya ce, “Akwai ɗan'uwanmu a wanga masallaci, mutumin kirki, mai inji. Yana kashe inji ya zo salla, ya koma ya niƙa tsiron burkutu. Mi ke nan? Ya wanke hannu ya mai da cikin kwata.”

Mai inji ɗaya ne a masallacin. Ba wanda ya juyo ya kalle ni, kuma wannan ya fi kallon ciwo. Da aka tashi na tare shi a wajen takalma, na ce, “Alhaji, ai da ka kira ni gefe.”

Ya dafa kafaɗata ya ce, “Don ina son ka ne. Kai dai ka tambaya. Duk wadda ta kawo tsiro ka ce na mi ne. In na kunu ne niƙa mata, in na giya ne ka ce ta yi haƙuri. Ka bar shi don Allah ka ga abin da Allah zai yi maka.”

Na ce, “Rabin masu niƙana su ne fa.”

Ya ce, “Su ke ba ka arziki ko Allah?”

Na je gida na kasa cin tuwo, ina kallonsa ina tunanin ko da me aka saye shi.

Washegari na fara tambaya. Ta farko wata matar tsohon soja ce mai baki, ta sauke daro cike da tsiro. Na ce, “Mama, wannan na mene ne?”

Ta kalle ni sama da ƙasa. “Na mene ne? Na wanka ne.”

Mata suka kwashe da dariya. Na ce, “Idan na burkutu ne, na daina niƙawa.”

Ta ce, “Af! Yaushe injin ya musulunta ba a gayyace mu suna ba?”

Wata daga baya ta ce, “Ki bar shi, jiya aka yi masa wankan shiga.”

Na daure na ce ba wasa nake yi ba. Ta ɗauki daronta, ta kuma ɗauki kwanon masararta da ke layi, ta ce, “Masarar ma mashaya ne za su ci tuwonta, kar in ɓata maka.” Ta tafi, wasu suka bi ta. Wannan ne ban lissafa ba, kuma Alhaji bai gaya mini ba: mace ba ta raba kaya biyu ta kai tsiro wani inji ta kawo masara wani. Inda tsiro ya je, can komai zai je.

Da hantsi sai ga Inna. Ta shigo kamar kullum, ta wuce layi, ta ajiye roba a gabana tana cewa, “Ɗana, yi mini maza, na bar wuta.” Na leƙa, tsiro ne. Har yau ina ganin robar nan a idona. Ya yi wa kunu yawa, ya yi wa burkutu kaɗan. Da rabinsa ne da na zuba ban ce komai ba. Da daro ne da na san abin da nake ƙi. Ga sauran mata sun zuba ido su ga ko dokar tawa tana da uwa. Ga wani mai shayi da muke sahu ɗaya a masallaci yana tsaye da kwanon gero.

Na ce, “Inna, na kunu ne ko na ɗayan?”

Ba ta gane ba da farko, ko ta yi kamar ba ta gane ba. Na sake faɗa. Sai ta dube ni, irin duban da take mini ina yaro idan na dawo da riga a yage. Ta faɗi wata magana da yarensu na C'lela a hankali, ƙarar inji ta hana ni ji, kuma ta gefen kunnen hagu ta tsaya. Ta sunkuya ta ɗauki robarta ta aza a ka ta fita. Ba ta ce na kunu ba ne, ba ta ce na giya ba ne. A azumin nan bokitin kunu bai zo gidana ba. Matata ta ce ai ga amsa nan, tsiron kununmu ne na kora. Ni kuma na ce wa ya sani, ƙila fushi ne ya hana ta aikowa. Har yanzu ban sani ba.

Asabar ta zagayo, Alhaji ya yabe ni a gaban mutane. Ya ce ga misalin ɗan kasuwa Musulmi. Aka yi ta miƙo mini hannu. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na koma rumfa ina jiran abin da Allah zai yi mini.

Layi ya koma mutum uku, mutum huɗu. Wani yinin man da zan ƙona ya fi niƙan, sai in ce su bari a taru. Su kuma ba sa jira. Matan da na kora suna tafiya har can wajen kasuwa da kaya a ka, ina ganinsu suna wucewa ta gaban rumfata, masu gaishe ni su gaishe ni, masu kau da kai su kau da kai. Na ce jarrabawa ce. Na riƙa faɗa wa matata haka har ta daina amsawa.

Bayan damina aka fara kafa wata rumfa a bayan layinmu, kusa da gidajen matan. Aka kawo inji sabo fil, babba, ya fi nawa. Wani tsohon soja Kirista ne ke tsaye a kansa. Na ce to, nasu ya buɗe musu, ba laifi. Daga rumfata ina jin ƙararsa tun safe har yamma ba ya hutawa, kuma idan iska ta juyo, ƙamshin tsiro take kawo mini. Hancin mai inji ba ya ɓata wannan ƙamshi.

Makaniken da ke gyara mana inji ne ya fasa mini ƙwai. Ya zo canza mini bel, yana aiki yana surutu, ya ce, “Kai ma da ka samu irin na Alhaji da ka huta da wannan tsohon.”

Na ce, “Wane Alhaji?”

Ya ce, “Mai taki mana. Ni na je na ɗauko masa, ni na ɗaura. Sojan ai haya yake yi, duk mako yana kai masa nasa.” Sai ya ɗago ya ga fuskata, ya ce, “Au, ba ka sani ba?”

Na zauna a kan buhu. Na yi ta juya abin. Ko dai ya daɗe da shirya wannan, ya yi wa'azin don ya share wa injinsa fili? Ko da gaske ya yi wa'azin, daga baya ya ga mata na wahalar tafiya ya ga kasuwa, ɗan kasuwa kuwa ba ya ganin kasuwa ya wuce? Mutumin da ya hana ni cin garin da ya maƙale a bakin inji, shi ne wannan? Idan maƙaryaci ne, to maganar garin ma ƙarya ce? Ai ba ƙarya ba ce.

Na je wajen liman, dattijo ne mai sanyin magana. Na zayyana masa komai. Ya ce abin da Alhaji ya faɗa a kan taimakon giya haka yake, bai ƙara ba. Na ce to injinsa fa? Ya ce bayar da haya akwai maganganun malamai a ciki, wanda ya san abin da za a yi da kayansa daban, wanda bai sani ba daban. Na ce, “Allah gafarta Malam, Alhaji bai sani ba? Shi da ya san abin da ke cikin injina daga masallaci?” Ya yi murmushi ya ce in yi haƙuri, ladana na nan, kar in ɓata shi da ƙiyayya. Na ce to da can da ba na tambaya, ina da laifi ko ba ni da shi? Ya ce Allah mai gafara ne. Na fito da tambayoyi fiye da waɗanda na shiga da su.

Matata ta ce in koma niƙa tsiro kawai, tunda mai dokar ma ya taka ta. Na so in yi. Wata rana wata amarya da ba ta san labari ba ta kawo daro guda, na kama hannun inji zan tayar, sai na kasa. Da can ban san akwai laifi ba ne, ko in ce ba a sa ni na sani ba. Yanzu an faɗa mini a cikin masallaci, liman ya tabbatar. Alhaji ya saka mini abu a ka wanda ba ya fita, shi kuma ya je ya kwanta lafiya. Na ce da ita ta zagaya baya akwai wani inji. Da bakina na tura masa ciniki.

Na je gaishe da Inna. Ta sa aka kawo mini kujera, ta kawo ruwa a sabon kofi, ta ce, “Sannu da zuwa, Malam. Ya iyali?” Malam. Matar da ta yi mini wanka. Na zauna muna gaisuwa kamar baƙon da ya zo tambayar hanya. A tsakar gidan ga tsiro nan a shanye kan tabarma. Na kalle shi, ta ga na kalla. Na so in tambaye ta na ranar nan na mene ne, sai na ga ai tambayar ce ta kawo mu nan.

Na daina zuwa zaman Asabar. Salla dai ina zuwa, don masallaci ba na Alhaji ba ne. Mukan haɗu a sahu, wani lokaci kafaɗarsa na taɓa tawa, in rasa me nake karantawa.

Shi ya aiko a kira ni, wata Talata da rana. Na same shi a shago cikin buhunan taki, ana ta loda wa wasu manoma kaya a babur. Ya ba ni benci, ya sa aka kawo lemo, ban taɓa ba. Ya ce ya ga kwana biyu rumfata shiru, abin yana damunsa. Ya ce yana da shawara: in sayar masa da injina, ko in kawo a haɗa da nasa a ba sojan haya, ni in riƙa karɓar rabona ina zaune, hannuna bai taɓa komai ba.

Ya ce, “Ka ga ke nan ka tsira ta ko'ina. Kasuwanci sai da ilimi, ɗan'uwa. Ni ƙarfe na ba da haya. Abin da ya zuba ciki tsakaninsa da Ubangijinsa. Ni ban tambaya ba.”

Na ce, “Ba ka tambaya ba.”

Ya ce, “Ban tambaya ba.”

Manoman nan sun bar ɗaure kaya suna saurare. Na miƙe, don ba na iya faɗin magana a zaune. Na ce:

“Alhaji, ni ka ce in tambaya. A gaban jama'a ka ce, ba a gefe ba. Na tambayi matar da ta raine ni kamar ɓarauniya, yau Malam take ce mini. Ni ban yi karatunka ba, ban san haram ne ko halal ba, ka rikita ni har ban san ko lada nake da shi ko wauta ba. Amma ɗaya ne cikin biyu. In haram ne, tashi mu je yanzu ka kashe injinka, in ya so mu yi talaucin tare. In kuwa halal ne, ranar Asabar ka tsaya inda ka tsaya ka faɗa wa mutane, sannan ka sa takalminka mu je gidan Inna ka gaya mata da bakinka kai ka aiko ni. Injina kuma ba na sayarwa ba ne. Ko zai yi tsatsa, a rumfata zai yi.”